Ku Tambayi Kawu: masu son zama hafsoshin soja, ga amsoshinku

Wannan watan kusan rabin saƙonnin da suka shigo maganar shiga soja ce, ko lokacin fitar fom ne ya matso ko kuma samari ne suka ga hotunan fareti hankalinsu ya tashi, oho. Na tsinto waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, na cire sunaye kamar yadda muka saba. Wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau, watakila tana cikin ta wani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, barka da aiki. Ni ɗan aji shida ne a sakandare, tun ina ƙarami burina in saka kaki amma kowa da abinda yake gaya min, wani yace in shiga kurtu kawai daga baya zan zama hafsa, wani yace sai na gama jami'a tukun. Dan Allah ta ina zan fara kuma me zan karanta?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa, kurtu daban kadet daban. Kurtu horon watanni ake ba shi ya fito farabiti ya riƙa hawa da igiya, kofur, saje, har sama. Kadet kuma rainonsa ake ya fito da anini a kafaɗa, kuma yana fitowa ana iya miƙa masa sojoji wajen 30, wasunsu sun haife shi, ace toh kai ne shugabansu. Duk tsananin tantancewar da kake jin labari daga nan ya samo asali, rayukan mutane za a damƙa maka.

Kusan kowace ƙasa ƙofa uku ce. Ta farko daga sakandare kai tsaye zuwa makarantar horar da hafsoshi inda ake haɗa digiri da aikin soja, irin NDA ta Kaduna da aka buɗe a 1964, ko West Point ta Amurka da ke nan tun 1802, ko ta Indiya da ke Khadakwasla kusa da Pune. Ta biyu ka gama digiri ka shiga gajeren kwas na watanni, nan likitoci da injiniyoyi da lauyoyi suka fi bi. Ta uku ita ce wadda mutumin farko ya faɗa maka, daga cikin ƙananan sojoji, akwai ta ba ƙarya ya yi ba, amma ƙunci gare ta kuma sai kwamandanka ya yarda ya tura ka, dan haka mai shekarunka da kiredit ɗinsa a hannu ban ga dalilin da zai zagaya ta can ba. Ƙofar farko fa shekaru ke rufe ta, a Najeriya 17 zuwa 21 ne kuma sai marar aure, sannan sai ka cike NDA a matsayin zaɓin farko a JAMB, ka zauna jarabawar tantancewa tasu, in ka haye a kira ka gaban kwamitin zaɓe na rundunonin. Sanarwar shekarar da za ka nema ita ce alƙali, ka karanta ta layi-layi da kanka, kar ka dogara da wadda yayanka ya yi amfani da ita.

Karatu kuwa ba wani sirri, lissafi ne da harshen da ake jarabawar da shi da sanin abinda duniya ke ciki, sai darussan fannin da ka zaɓa. Tambayoyin yawanci ba su fi na sakandare wuya ba, agogo ne ke kada mutane. Ɗauki ta Indiya misali, takardar lissafi tambaya 120 ce cikin awa biyu da rabi, wato daƙiƙa 75 kowace tambaya, kuma in ka ba da amsa ba daidai ba a zabtare maka kashi ɗaya cikin uku na makin tambayar. Toh kaga wanda ya saba zama minti goma kan tambaya ɗaya yana jin daɗin ya warware ta ya faɗi tun kafin ya shiga aji. Nemi tambayoyin shekarun baya, kashe waya, sa agogo, yi takarda guda cur ba tashi, sannan ka ɓata lokacin da ya fi na jarabawar wajen duba inda ka kuskure da dalilin kuskuren, rashin sani ne ko gaggawa ko baka karanta tambayar da kyau ba, don kowanne maganinsa daban. Kuma ka binciko ko jarabawarku ana rage maki kan kuskure, in ba a ragewa kar ka bar gurbi ko ɗaya, in ana ragewa kar ka yi canki-canka sai in ka iya cire biyu marasa daidai daga cikin zaɓi huɗu. In a kwamfuta ake yi ka saba da ita tun yanzu.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni abin nawa ya ɗaure min kai wallahi. Sau biyu ina cin ta rubutu ina zuwa gaban kwamiti, gudu ba wanda ya wuce ni a rukuninmu, wajen muhawara ni nafi kowa magana, aikin rukuni ma ni na karɓe ragama na gaya wa kowa abinda zai yi, amma duka biyun sunana bai fito ba, wani yaro shiru-shiru da ko magana bai cika yi ba shi aka ɗauka. Wannan ba son kai bane?

AMSA: Ɗana kar ranka ya ɓaci da abinda zan faɗa, amma wasiƙarka da kanta ta amsa tambayarka. Eh gurabe kaɗan ne kuma ana barin nagartattu a baya kowace shekara, wannan gaskiya ne, amma sake karanta abinda ka rubuto min: ni nafi, ni na karɓe, ni na gaya wa kowa. Sauran 'yan rukunin naku fa, ko ɗaya baka ambaci abinda ya kawo ba.

Bari in baka asalin wannan aikin rukunin don ka gane me ake kallo. A farkon yaƙin duniya na biyu sojan Birtaniya da 'yar gajeriyar hira suke zaɓen hafsa, manya su zauna su kalle ka su ji makarantar da ka yi da yadda kake magana, shikenan, sai aka ga waɗanda aka zaɓa suna ta zubewa a wajen horo. A 1942 aka kawo sabon tsari na kwanaki, aka sa likitocin ƙwaƙwalwa a ciki, ɗaya daga cikinsu Wilfred Bion wanda shi kansa hafsan tankar yaƙi ne a yaƙin duniya na ɗaya, shi ya kawo dabarar a tara mutane a ba su aiki ba tare da an naɗa musu shugaba ba, a koma gefe a zuba ido. Abinda yake son gani shi ne yadda mutum zai yi idan son a gan shi ya ci karo da buƙatar rukuni. Daga nan tsarin ya bazu, shi ya sa za ka ga kamanni tsakanin na cibiyar zaɓen hafsoshi ta Westbury a Ingila da na Indiya da na Pakistan da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin sojan Birtaniya.

Ga yadda filin yake. An ja layi biyu a ƙasa ance tsakaninsu kogi ne ba a takawa. An ajiye katako biyu, dogo da gajere, kuma da gangan aka yanka su ta yadda ko dogon ba ya kaiwa, ga igiya, ga ganga mai nauyi da dole ku tsallaka da ita. Kowa da riga mai lamba, ba a kiran suna sai dai aji lamba 14. A Indiya ma har fenti suke shafawa, wurin ja ba mai taɓawa, fari kowa da komai na iya hawa, shuɗi mutum na iya takawa amma ba a ɗora kaya. Hafsa na tsaye gefe da allon rubutu da agogo ba ya cewa uffan. Toh a minti biyun farko ake samun irinka, ya ɗaga murya ya raba aiki kafin kowa ya gama fahimtar dokar, a ɗora katako ya ƙi kaiwa, a sake ɗorawa haka nan, murya ta ƙara sama. Can a baya wani ya ce a hankali, in muka ɗaure gajeren a kan dogon mutum biyu suka danne gindin fa? Ba wanda ya ji shi sai hafsan nan, ya rubuta. Ya kuma rubuta wanda ya ce ku tsaya lamba 9 na da magana, ya rubuta wanda ya taka layi ya ɗaga hannu da kansa aka koma farko, da wanda ya taka ya waiga ya ga ko an gan shi, da wanda ya riƙe katako kafaɗarsa na rawa bai saki ba har na ƙarshe ya haye, da wanda aka ƙi shawararsa ya naɗe hannu ya koma kallo. Sau da yawa rukuni ba ya gama aikin kafin lokaci ya cika kuma a ɗauki mutane a cikinsa, wani rukunin ya gama tsaf a sallame su duka. Yaron nan shiru-shiru da kake magana ina kyautata zaton sau uku ya buɗe baki, kuma duk ukun sai da aikin ya matsa gaba.

Ba ina cewa ka koma kurma ba fa, wanda ya yi shiru har aka tashi shi ma faɗuwa yake don ba a ga komai nasa da za a auna ba. Kuma in aka zo inda aka naɗa ka shugaba da baki, nan kam ana so a ji muryarka: ka maimaita aikin a taƙaice, ka faɗi shirinka, ka tambayi ko akwai mai gyara, ka naɗa mai duba lokaci, ka tsaya inda kake ganin kowa maimakon ka rungumi ganga da kanka, in shirin ya ƙi ka canza ba tare da neman wanda za ka ɗora wa laifi ba.

Akwai kuma aikin tsara shiri a takarda da samari ke rainawa. A baka taswira da labari, ga wanda ya ji rauni, ga mota da man da bai isa ba, ga gada da za a rufe ƙarfe kaza, ka fitar da mafita ka kare ta a gaban mutane. Duk lissafin nisa da sauri da lokaci ne, kilomita 12 a ƙafa ana cin 4 a awa awa uku kenan, in da mara lafiya a kan makara saurin ya koma 2 ya zama awa shida, kilomita 30 a mota mai gudun 40 minti 45. In sai ka ciro biro kafin ka faɗi waɗannan, toh ga aikin gida na baka, ka riƙa yinsu da ka kullum har su zama jiki, don tsaye za a tambaye ka kuma ana katse ka da gangan a ga ko za ka rikice.

Haddace amsa ma ba ya ɗorewa. Tantancewar Indiya kwana biyar ce, a ciki akwai inda ake haska kalma 60 ɗaya bayan ɗaya kowace daƙiƙa 15 ka rubuta abinda ya fara zuwa maka, akwai yanayi 60 da za ka faɗi matakin da za ka ɗauka cikin minti 30. An matse lokacin ne don kar ka samu damar yin ado, kuma mai duba takardar da mai kallonka a fili da mai yi maka intabiyu mutum uku ne daban, a ƙarshe su zauna su haɗa abinda suka gani, in kowannensu mutum daban ya gani a jikinka maimakon mutum ɗaya an gama. A intabiyu in baka san abu ba kace ban sani ba yallaɓai, ya fi ka fara kame-kame, kuma duk abinda ka rubuta a fom cewa kana yi, ƙwallo ne ko karatun littattafai, za a tona shi har ƙasa.

Shawarata kafin zagaye na gaba, in shekarunka da saura, ka nemi wani aiki na jama'a da za a ɗora maka alhaki na gaske kuma ba ka da ikon tilasta kowa, horar da yara ƙwallo ne, aikin sa kai ne, koyar da 'yan ƙasa da kai ne. Wata shida a irin wannan zai rage maka murya ya ƙara maka kunne fiye da duk wani darasin kuɗi da za a tallata maka.

TAMBAYA: Kawu saura sati shida a kira mu kuma gaskiya ban taɓa gudu mai nisa ba. Wani abokina yace in riƙa goya buhun yashi ina gudu safe da yamma, kuma akwai ƙwayar da zan sha ranar gwaji bazan ji gajiya ba. Ya kake gani?

AMSA: Ina ganin abokinka so yake ka kalli gwajin daga gadon asibiti. Huhu da zuciya suna saurin sabawa da gudu, ƙashi da jijiya kuwa a hankali suke bi, shi ya sa wanda ya tashi rana ɗaya ya fara gudu safe da yamma da kaya a baya sati na uku zai fara jin ƙwabrinsa na zafi, in ya yi taurin kai ƙashin ya tsage, kuma wannan sai an yi makonni ba gudu kafin ya haɗe. Ajiye buhun nan.

Sati shida kaɗan ne amma ba a rasa abin yi. Gudu sau uku ko huɗu a sati da hutun kwana a tsakani, sati biyun farko a hankali yadda za ka iya magana kana gudu, in numfashi ya ƙare ka taka ka sake tashi. Daga sati na uku ka ware rana ɗaya ta gudun sauri, zagaye ɗaya na fili mai mita 400 da ƙarfi, ka huta, ka maimaita. Ka san nisan da za a gwada ku ka riƙa auna kanka da shi, kilomita 2.4 zagaye shida ne, 3.2 zagaye takwas. Wasu rundunonin gwajin ƙararrawa suke yi, layi biyu mita 20 tsakani, kana kai-komo kana riga ƙarar isa layi, ana farawa a hankali wajen kilomita 8.5 a awa ana ƙara rabin kilomita kusan duk minti har ka kasa, wannan juyawar ce ke cinye ƙafa sai ka koye ta daban. Sannan ka lura ba a gwada abu ɗaya a barka ka huta sai gobe, na West Point abu shida ne a jere da ɗan hutu ƙididdigagge, har da jifan ƙwallon kwando daga durƙushe, a rufe da gudun kilomita 1.6, dan haka ka saba yin gudu bayan ka gama dannan ƙasa da jan jiki a ƙarfe, ba da sabon jiki ba. Kwana uku na ƙarshe ka sassauta, ka yi barci, kuma kar ka je da sabon takalmi.

Ƙwaya kuwa haba ɗana. Ana gwada fitsari, in ta fito an gama da kai. Irin su tramadol ba ƙarfi suke ƙarawa ba, ciwo suke rufewa ka ci gaba da gudu a kan rauni, kuma suna iya jawo farfaɗiya. Ruwa shi ne abin sha, tun kwana ɗaya kafin ranar ba a bakin layi ba.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Ni uwa ce, ɗana ya nema bai samu ba, yanzu wani mutum yazo yace yana da hanya a sama, in na bada wani abu zai sa sunansa a jerin bana, har ya nuna min hotonsa da manyan sojoji. Kuma shekarun yaron sun ɗan haura, yace shima zai gyara.

AMSA: Hajiya Allah ya saka da alheri kan ƙoƙarin da kike wa yaro, amma ki riƙe kuɗinki. Hoto da mai kaki ba shaida ba ce, kowa na iya tsayawa kusa da soja a taro a ɗauka. Sana'ar mutanen nan mai sauƙi ce, su karɓa a hannun iyaye da yawa, wanda ɗansa ya ci da guminsa suce mu ne, wanda nasa bai fito ba ace masa an samu matsala daga sama a ƙaro wani abu ko a jira baɗi. Wasu ma takardar kira ta bogi suke bugawa, yaro ya yi sallama da kowa ya je bakin ƙofa a kama shi.

Maganar rage shekaru ta fi wannan haɗari. Ranar haihuwar yaron tana rubuce a takardar firamare da ta jarabawar sakandare da katin ɗan ƙasa, kuma masu tantance takardu aikinsu kenan su jera su su gwada. In ma ya zille a ƙofa abin na binsa, ana korar mutum daga horo ko bayan ya fara aiki in aka gano. In shekarun ƙofar farko sun wuce, ya je ya yi digiri ya dawo ta gajeren kwas, can iyakar shekarun ta fi faɗi.

Tunda an zo nan bari in ja kunnen kowa, ku baje takardunku yau ku duba harafi-harafi. Suna a wannan takarda da u, a waccan da o, a wata an sa sunan kaka a wata babu, irin wannan ƙaramin abu na mayar da mutum gida tun kafin ya cire riga a yi masa awo, kuma gyaransa ta halattacciyar hanya watanni yake ci.

TAMBAYA: Kawu an cire ni a gwajin likita wai bana bambance kala, alhali ni ina ganin ja ina ganin kore lafiya lau. Akwai magani? Wani yace in haddace littafin.

AMSA: Littafin da aka buɗe maka mai da'ira cike da ɗige-ɗige da lamba a ɓoye a tsakiya, wani likitan ido ɗan Japan mai suna Ishihara ya fitar da shi a 1917, cikakkensa shafi 38 ne. An tsara shi ta yadda mai lafiyar ido zai ga lamba kaza, mai matsalar ja da kore ya ga wata lambar daban ko ya ga ɗige kawai. Yawancin masu abin kamar kai suke, suna ganin jan kyalle da koren ganye, sai launukan sun kusanci juna ko haske ya yi ƙasa ko abin ya yi nisa sannan su ruɗe, shi ya sa mutum ke girma bai sani ba. Gado ne, ta wajen uwa yake biyowa, ya fi kama maza, kuma ba shi da magani, kar wani ya sayar maka da ɗigon ido.

Haddacewa kuma, ko ka yi ana juya shafukan a birkice kuma akwai wasu gwaje-gwajen na fitila. Ka kuma tuna dalilin dokar, jirgin ruwa da na sama jar fitila ce a hagu koriya a dama, da su ake gane inda jirgi ya dosa cikin dare, ga wayoyin lantarki, ga alamomin taswira. Rundunoni da fannoni sun bambanta wajen tsanani, matuƙin jirgi ba sassauci, wasu ayyukan kuma a wasu ƙasashe ana ɗauka, sai ka duba sharuɗɗan fannin da kake so.

Ga masu shirin nema, ku je asibiti tun da wuri a duba ido da kunne da hawan jini da rukunin jini da ciwon hanta da gwaiwa da haƙora da tafin ƙafa. Wasu ana gyarawa in da lokaci, irin gwaiwa da ruɓaɓɓen haƙori da dattin kunne. Mai sikila SS ba a ɗauka, mai AS kuma dokar ta danganta da ƙasa, amma ya kamata ya san kansa don tsananin motsa jiki cikin zafi da ƙishi ya fi yi masa haɗari.

TAMBAYA: Kawu ni mace ce, ana ɗaukar mu kuwa ko ɓata lokaci zan yi?

AMSA: Ana ɗauka 'yata. West Point ta fara karɓar mata a 1976, NDA ta Kaduna ta karɓi rukunin farko na mata a dogon kwas a 2011, a Indiya kuma kotun ƙoli ce ta buɗe musu ƙofar jarabawar a 2021. Guraben sun fi na maza ƙanƙanta dan haka takarar ta fi zafi, makin rubutu ya zama kin wuce iyaka da nisa. Ta fannin jiki ki fara da wuri kan ƙarfin hannu da kafaɗa, ki sa a duba miki ƙarancin jini, kuma ki bi gudu a hankali don tsagewar ƙashin ƙafa da ƙugu ta fi samun mata a lokacin horo. Duk abinda na gaya wa mai wasiƙa ta biyu ya shafe ki, sai dai ke matsalar takan juye, kar ki bari a danne miki magana a rukuni.

TAMBAYA: Alhamdulillah Kawu sunana ya fito! Me zan tarar a can kuma me zan yi kafin ranar tafiya?

AMSA: Masha Allah, barka ɗana, Allah ya sa a gama lafiya. Makonnin farko su ne masu zafi ko'ina, a Sandhurst, makarantar hafsoshin sojan Birtaniya, inda kwas ɗin yake sati 44 sati biyar na farko sun yi suna, a West Point wajen sati shida ne kafin a fara karatu. Aski, tashin asuba, gudu duk inda za ka, fareti, gwale-gwale kan laifin da ba kai ka yi ba, ga ƙarancin barci. Abinda zai baka mamaki yawancin wahalar ba ta bindiga ba ce, ta guga ce da goge takalmi da gyaran gado da jera kaya a loka yadda aka ce. A Sandhurst sababbi da teburin gugarsu a hammata suke shiga ranar farko. Saje zai shigo duba ɗaki ya shafa yatsa a saman ƙofa ya ga ƙura ya watsar da kayan kowa a sake, ba ƙiyayya ba ce, so ake a ga ko za ka kula da ƙaramin abu a gajiye, kuma ko za ka taimaki na kusa da kai da hannunsa bai da sauri, don in nasa bai yi ba duk ɗakin ne za su sha.

Sajen nan ka girmama shi ka saurare shi, gobe za ka fi shi muƙami amma ya fi ka sanin aiki da shekaru masu yawa, kuma irinsa ne zai riƙe ka ranar da aka baka sojojinka na farko. Kar kuma ka ɗauka kaki ya raba ka da littafi, a makarantun da ake haɗawa da digiri faɗuwa jarabawa na mayar da kadet baya ko ta kore shi. Ƙarya da sata da satar amsa su ma kora ce, dokar West Point ma cewa ta yi ba za ka yi ba kuma ba za ka rufa wa mai yi asiri ba.

Kafin tafiya ka koyi guga da ɗinke maɓalli, in baka iya iyo ba ka nemi mai koya maka a wurin da ke da tsaro, ka fara kwanciya da wuri kana tashi da wuri, ka biya bashin da ke kanka, ka gaya wa su Mama za a yi makonni ba su ji muryarka ba kar hankalinsu ya tashi. Ci gaba da gudu amma kar ka ƙure kanka, gara ka isa da saura ƙarfi da ka isa da rauni. Kayan da aka rubuta a takardar kira su kaɗai za ka ɗauka, ka rubuta sunanka a jikin kowanne, takardunka na asali a leda da kwafi a wani wuri daban. Ƙafa kuma ka lallaɓa ta, farce a yanke shi a miƙe ba a zagaye ba, safa busasshiya ko da yaushe, in ka ji wuri ya fara zafi a cikin but ka manna filasta tun bai tashi ya zama bororo ba, in kuma ƙwabri ya fara ciwon da ka danna da yatsa ka ji shi a wuri ɗaya, ka je wurin likita ranar.